Mai Usur a Wasan Yara Malami Ne, Ko Ya Sani Ko Bai Sani Ba

'Yan uwa malamai da iyalanmu, tun daga shekarar 2025 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, wato FIFA, ta mayar da gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 abin yi kowace shekara, maimakon bayan shekara bibbiyu kamar yadda aka saba tun 1985. Ta damƙa wa ƙasar Katar ta maza har zuwa 2029, da ƙasashe 48 da wasanni 104 a kowane karo, ta kuma ba Moroko ta 'yan mata, mai ƙasashe 24. Masu sharhi sun yi ta bayani a kan taurarin da za a tono da dukiyar da za a tara. Wanda aka manta da shi a cikin wannan hayaniya shi ne baligin nan da zai tsaya a tsakiyar yara ashirin da biyu, da usur a bakinsa da kati biyu a aljihunsa, wanda kalmarsa ita ce ta ƙarshe har tsawon minti casa'in. Yaran da zai yi wa hukunci sa'annin 'yan aji biyar da aji shida ne na makarantunmu na sakandare. Wannan kaɗai ya isa ya ba mu bakin magana. Ra'ayinmu kuwa shi ne, aikin alƙalin wasa a gasar yara ya fi kusa da aikin malami a aji fiye da na alƙali a kotu, kuma da wannan ma'auni ya kamata a riƙa zaɓensa, a horar da shi, a auna ƙoƙarinsa.

Kada wani ya ce muna jawo ruwa ne zuwa gonarmu. Katin gargaɗi da jan kati da kowane yaro ya sani a yau, daga kan wani malamin firamare suka fito. Ken Aston mutumin Ingila ne wanda ya fara busa usur a filin makarantar da yake koyarwa, ya zama hedimasta a wata firamare da ke gabashin Landan, ya kuma yi alƙalancin wasan nan na Chile da Italiya a gasar cin kofin duniya ta 1962, wanda ya fi kama da dambe. A gasar 1966 shi ne mai kula da alƙalan wasa. A karawar Ingila da Ajantina a filin Wembley, alƙalin wasa Bajamushe, Rudolf Kreitlein, ya kori kyaftin ɗin Ajantina, Antonio Rattín, alhali babu wani harshe da ya haɗa su. Rattín ya ƙi fita, yana neman a kawo tafinta, aka ɓata mintuna ana ja-in-ja. Jack Charlton na Ingila ma sai a jarida ya ga wai an yi masa gargaɗi a wasan. Aston yana tuƙi a kan hanyarsa ta komawa gida, fitilar danja ta tsayar da shi, sai dabara ta faɗo masa: ruwan ɗorawa, yi hattara, ja, tsaya. A gasar Meziko ta 1970 aka fara aiki da katunan.

Duk wanda ya taɓa koyar da 'yan aji ɗaya zai gane wannan tunani. Idan magana ta gaza isa kunnen yaro, sai a nemi abin da ido zai gani, wanda na nesa da na kusa za su fahimta lokaci guda. Asalin katin kayan koyarwa ne, ɗan uwan allo da alli. Kuma Aston ba shi kaɗai ba ne a cikinmu. David Elleray, wanda ya zama daraktan fasaha na IFAB, majalisar da ke tsara dokokin wasan tun 1886, ya yi aikin koyar da labarin ƙasa a makarantar Harrow. Néstor Pitana na Ajantina da ya busa wasan ƙarshe na 2018 malamin motsa jiki ne. Janny Sikazwe na Zambiya, alƙalin wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2017, shi ma malami ne.

To, yaya ake samun waɗanda ke busa gasannin yara na duniya? Kowace shekara hukumar ƙwallon kowace ƙasa takan miƙa sunayen alƙalanta ga FIFA domin a sa su a jerin na ƙasa da ƙasa. Sai mutum ya kai shekara 25 kafin a karɓe shi a matsayin alƙalin tsakiya, mai ɗaga tuta kuwa 23. Akwai gwajin gudu mai tsanani: tseren mita 40 har sau shida, sa'an nan gudun mita 75 da tafiyar mita 25 a jere har sau arba'in. Ana bukatar ya ji Turanci, kuma ba a ba shi wasan da ƙasarsa take ciki. A ranar wasa yana tare da mataimaka biyu a gefen layi, da jami'i na huɗu mai kula da canji da benci, da masu duba bidiyo inda ake amfani da su, da kwamishinan wasa. Can a saman rumfa kuma akwai wani tsohon alƙali zaune da takarda, yana ba shi maki. Tsari ne mai kyau a ido. Sai dai a dubi abin da ake aunawa: ƙafarsa, da idonsa, da sanin dokoki goma sha bakwai. Waɗannan duka za a iya cika su ba tare da mutum ya san yadda ake magana da ɗan shekara goma sha shida da ya firgita ba.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa gasannin matasa matakala ce ga alƙalan wasa. Mu a nan muna da shaida mai daɗi. Pierluigi Collina na Italiya ne ya busa wasan ƙarshe na gasar Olamfik a 1996, ta 'yan ƙasa da shekara 23, ranar da Najeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2. Ƙwallon Emmanuel Amunike ta shiga gab da tashi, 'yan Ajantina suka ɗaga hannu suna kukan satar gida, Collina ya ce ta ci. Bayan shekara shida shi ya busa wasan ƙarshe na kofin duniya, tun 2017 kuma shi ke shugabantar kwamitin alƙalan wasa na FIFA. Stéphanie Frappart ta Faransa ta yi wasan ƙarshe na 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 20 a 2018, ta yi na manyan mata a 2019, a watan Disamba na 2022 ta zama mace ta farko da ta busa wasa a kofin duniya na maza. Esther Staubli ta Suwizalan ma a gasar 'yan ƙasa da 17 ta Indiya, a 2017, aka ba ta wasan maza, tsakanin Japan da New Caledonia.

Haka nan gasannin sun zama zakaran gwajin dafi ga sababbin dokoki. A 1993, lokacin da su Nwankwo Kanu da Wilson Oruma suka ɗauko kofi a Japan, an gwada shigo da ƙwallo da ƙafa daga gefen layi a madadin jifa, aka kuma watsar. A shekarar ce aka fara dokar nan ta wanda ya riga ci a ƙarin lokaci shi ya yi nasara, a gasar 'yan ƙasa da 20 ta Ostireliya. Ta yi zamaninta, aka soke ta a 2004. An gwada na'urar VAR a kan 'yan ƙasa da 20 a Koriya ta Kudu a 2017, shekara guda kafin a kai ta gasar manya a Rasha. A gasar ce kuma aka gwada sauya jerin bugun fenariti, abin da bai yi tsawon rai ba. A 2024, a gasar 'yan mata 'yan ƙasa da 20 ta Kolombiya, aka gwada ba koci damar neman a sake duba hukunci a bidiyo sau biyu a wasa.

Mun san hujjar masu wannan tsari, kuma ba za mu raina ta ba. Dole a koyi aiki a wani wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Mu ma kowace shekara muna karɓar ɗaliban kwalejojin ilimi da ke zuwa gwajin koyarwa, mu miƙa musu azuzuwanmu da 'ya'yan mutane a ciki. Amma akwai bambanci guda da ya kamata a lura da shi. Malamin gwaji idan aka zo duba shi, abin da ake tambaya shi ne, yaran sun gane? Alƙalin da ke neman tikitin zuwa kofin duniya kuwa ya san idon da ke saman rumfa a kansa yake, ba a kan yaran ba. Wanda ke cikin wannan hali yakan faɗa ɗayan rami biyu: ko ya yi ta zaro kati domin a ce yana da ƙarfin hali, ko ya yi ta kau da kai domin kada a ce wasa ya ɓaci a hannunsa. Shi idan ya yi kuskure yana da wata gasar a gaba. Yaron da aka kora bisa kuskure a wasan kusa da na ƙarshe, baɗi shekarunsa sun wuce, kuma mai yiwuwa wannan ce tafiyarsa ta farko da ta ƙarshe a cikin rigar ƙasarsa.

Abin da ya faru a Toronto ta Kanada a watan Yuli na 2007 ya isa misali. A wasan kusa da na ƙarshe na 'yan ƙasa da 20, Ajantina ta ci Chile 3 da nema, alƙalin wasa Wolfgang Stark na Jamus ya kori 'yan Chile biyu, ya raba katunan gargaɗi masu yawa. Da aka tashi sai da jami'an tsaro suka raka shi ya fita. A wajen filin kuma rikici ya ɓarke tsakanin matasan Chile da 'yan sanda, har aka tsare wasu na ɗan lokaci. Ba mu ce katunan ba su dace ba, kuma ba mu wanke yaran ba. Abin lura shi ne, zafin ya yi ta hauhawa a gaban manya da yawa, alƙalai da masu horarwa da jami'ai, aka rasa wanda zai zuba masa ruwa. Stark ya ci gaba da hawa. Shi ne ma ya busa wasan Najeriya da Ajantina a Afirka ta Kudu a 2010. Malamin da ya ga aji ya fara tafasa ya san ba a jira sai kujeru sun fara tashi. Yakan kira shugaban aji gefe, ya sassauta murya, ya ba kowa numfashi. Wannan fasaha ce da ake koyo, kuma ita ce muke so a sa a cikin takardar mai ba da maki.

Kada a fahimce mu da neman sassauci. Dokar da ke kan babba ita ke kan yaro, kuma alƙalin da ya bar ƙeta ta wuce don tausayi ya cuci yaro biyu: wanda aka taka, da wanda ya taka ya ga ba a ce masa komai ba. Hasali ma a wasan yara ne ya kamata a fi tsanantawa a kan shigar da za ta iya karya ƙafa, domin ƙashin da bai gama ƙosawa ba ne a fili. Abin da muke nema shi ne hukunci tare da bayani, ko da da ishara ce, da kuma saurin tsayar da wasa idan kai ya bugu. Doka ta ba alƙali ikon ba da hutun shan iska na minti ɗaya da rabi zuwa uku idan zafi ya tsananta. Ya yi amfani da shi ba tare da jiran a roƙe shi ba. Masu kallo za su tuna yadda Sikazwe, da duk gogewarsa, ya tashi wasan Tunisiya da Mali tun a minti na 85 a garin Limbe na Kamaru a watan Janairu na 2022, daga baya aka bayyana cewa zafin rana ne ya juya masa kai. Idan rana ta yi wa babban mutum haka, ina ga yaro? A nan dole mu yaba wa FIFA a kan abu guda: tun 2011 ta cire ƙarin minti talatin daga gasar 'yan ƙasa da 17, idan an yi kunnen doki a zagayen sili ɗaya ƙwale sai a tafi bugun fenariti kai tsaye. Wannan doka ce da aka yi don yaro. Irinta muke so a yawaita.

Akwai kuma nauyin da ake ɗora wa jami'an wasa alhali ba nasu ba ne, wato maganar shekaru. Alƙali ba ya iya duban fuska ya ce wannan ya girmi wancan. Takardar da kwamishinan wasa ya tantance ita ce hujjarsa. A 1988 an kama Meziko da ƙaryar shekaru, aka dakatar da ita shekara biyu, har ta rasa kofin duniya na 1990. A 1989 hukunci ya faɗa kan Najeriya, aka hana ta gasannin matasa na shekara biyu, aka kuma ƙwace mata baƙuncin gasar 1991. Tun daga gasar 2009 FIFA ta shigo da hoton MRI na wuyan hannu, wanda ke nuna ko ƙashin ya gama haɗewa. Gab da shiga 2023, 'yan wasa 21 cikin 30 na Kamaru suka faɗi wannan gwaji. Na'urar ba ta karanta ranar haihuwa, girman ƙashi take gani, don haka tana iya fitar da yaro na gaskiya da ya yi saurin girma. Rajistar shiga aji ɗaya, idan an rubuta ta da amana an adana ta, ta fi kowace na'ura faɗin gaskiya, kuma a ofisoshinmu take. Duk lokacin da aka cusa ƙato mai shekara ashirin da biyu cikin yara, alƙalin wasa ne ake bari da aikin kare ƙananan daga ƙarfinsa.

Maganar kuɗi ma ba ta tsallake yara ba, domin kamfanonin caca suna karɓar fare a kan wasanninsu kamar yadda suke yi a na manya. Mun ga abin da kwaɗayi ya yi wa usur a nahiyarmu. FIFA ta haramta wa Joseph Lamptey na Ghana alƙalanci har abada a 2017, bayan fenaritin ƙarya da ya bayar a wasan Afirka ta Kudu da Sanagal, har sai da aka sake wasan. A 2019 irin wannan hukunci ya hau kan Ibrahim Chaibou na Nijar saboda karɓar rashawa. Waɗannan a wasannin manya suka faru. Babba idan aka zalunce shi yakan ce an cuce ni. Yaro kuwa darasi yake ɗauka, cewa haka duniya take, doka ta mai abin hannu ce. Mu da muke shafe shekaru muna yaƙi da satar amsa a zauren jarrabawa mun san wahalar goge irin wannan darasi idan ya zauna.

Yanzu bari mu dubi gida. Najeriya ta ɗauki kofin 'yan ƙasa da 17 sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, kuma babu ƙasar da ta kai ta. Ta karɓi baƙuncin gasar 'yan ƙasa da 20 a 1999 da ta 'yan ƙasa da 17 a 2009, kuma duka biyun an buga wasanni a Kano da Kaduna da Bauci. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun zauna a waɗannan filaye, wasu ma sun kai ɗalibansu kallo. Yamai ta karɓi gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 17 a 2015, yaran Nijar kuma sun je Indiya a 2017 har suka tsallake zagayen farko. Amma da aka fitar da jerin alƙalan kofin Afirka da aka buga a Kodebuwa a farkon 2024, babu ɗan Najeriya ko ɗaya a ciki, alhali ƙaramar ƙasa irin Ruwanda ta fitar da Salima Mukansanga, wadda ta zama mace ta farko da ta busa wasa a kofin Afirka a 2022, aka kuma sa ta cikin alƙalan kofin duniya na Katar. Mun iya haifar masu buga ƙwallo, mun gaza renon masu hukunta ta.

Ana iya ɗora laifin a kan hukumomi, kuma suna da nasu kason. Sai dai alƙalin wasa ba a ofis ake yin sa ba, a filin makaranta yake tsirowa, kamar yadda Aston ya tsiro. A dubi halin da wannan fili yake ciki. A makarantu da yawa an yanka shi an yi shaguna ko ƙarin azuzuwa. Inda ya tsira, ranar gasar makarantu sai a nemo duk malamin da ba shi da darasi a miƙa masa usur, ba horo, ba kati, ba masu tuta. Idan ya yanke hukuncin da bai yi wa masu gida daɗi ba, iyaye su yi masa ihu, samarin unguwa su kewaye shi, wani lokaci har shugaban makaranta ya shigo fili da babbar riga yana nuna shi da yatsa. Duk wannan a gaban ɗalibai. Wane yaro ne zai ga haka ya yi sha'awar riƙe usur? Iyayenmu da ke karanta wannan, muna roƙonku da girmamawa: abin da kuka faɗa wa alƙalin wasa daga bakin layi, ɗanku yana ji, kuma ranar Litinin da shi zai shiga aji.

Abin da muke ba reshenmu shawara ba ya bukatar kasafin gwamnati. Ƙungiyar alƙalan wasa ta ƙasa tana da rassa a jihohi, kuma suna gudanar da kwas ga masu farawa. A gayyato su lokacin hutu su horar da malaman wasanni, mata da maza, a kan dokokin yanzu, domin suna sauyawa kusan kowace shekara. Ko a 2025 an mayar da hukuncin golan da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa takwas ya zama bugun kwana. A amince cewa malami ba zai busa wasan makarantarsa ba, kamar yadda ba a ba alƙalin FIFA wasan ƙasarsa. Kyaftin kaɗai ne zai tunkari alƙali da tambaya, tsarin da aka yi aiki da shi a gasar Turai ta 2024. Shugaban makarantar da ya taka cikin fili ana tsakiyar wasa, makarantarsa ta rasa makin ranar. Sa'an nan kowace makaranta ta ware ɗalibai biyu daga aji huɗu, namiji da mace inda hali ya yi, a koya musu ɗaga tuta, su riƙa tsayawa a gefen layi a wasannin 'yan ƙananan azuzuwa, malami na tsakiya yana gyara musu. Masu sha'awar shiga kwas ɗin su ba wakilin makarantarsu sunayensu kafin taron reshe mai zuwa, domin a san adadin da za a nema wa gurbi.